Wuƙa a Ƙugu, Wuta a Rumfa

Da tunani abin awo ne da mudu, da an tarar cewa mazaunin Sabon Gari ko Fagge yana zuba wa tsaron kansa fiye da abin da yake zuba wa tukunyar gidansa. Tun kafin ya sa ƙafa a waje ya gama lissafi: wane aljihu waya za ta shiga, gida nawa zai raba kuɗinsa, wane layi ne ba a bi bayan magariba, wace Adaidaita Sahu ce fuskokin cikinta ba su kwanta masa a rai ba. Mace ta san yadda ake rungume jaka a cunkoson Bata da 'Yan Kura. Ɗan canji a Wapa yana bambance wanda ya zo ciniki da wanda ya zo leƙen asiri. Mai shago a titin Faransa kwaɗo uku yake datse wa ƙofa ɗaya. Babu wanda ya koyi wannan a aji. Rayuwa ce ta koyar da shi, ta kuma karɓi kuɗin makaranta mai tsada.

Saboda haka masu cewa mutanenmu ba sa tunanin kare kansu ba su zauna da mutane ba. Tunanin yana nan, har ya yi yawa. Abin da nake ƙalubalanta shi ne inda aka dosa da shi. Mun tattara hankalinmu kaf a kan mutumin da zai zo mana da wuƙa, musamman idan harshensa ko alƙiblarsa ta bambanta da tamu, muka kuma yarda cewa maganinsa shi ne kowa ya tanadi tasa wuƙar. Abubuwan da suke cinye mu a jimla kuwa, irin su gobara da rubabben gini da hatsarin hanya, mun sallama su ga ƙaddara. An bar jaki ana dukan taiki. Mafi muni, masu mulki sun gano wannan rauni namu, har suna dawo mana da shi a matsayin nasiha, suna cewa mu kare kanmu.

Tsoro mai asali

Adalci ne a fara da cewa tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. Fagge tsohon zangon ayarin fatake ne a bayan badala. Sabon Gari kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka yanka ta wajajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun ran gini tun ran zane: an kafa unguwar ne a kan cewa baƙo ya zauna can, ɗan gari ya zauna nan, kowa da dokar da ke kansa. Mutanen da aka raba wa makwanci, ko da kasuwa ta haɗa su da rana, zargi ne ke raka su gida da dare.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A watan Mayun 1953 aka yi kwanaki huɗu ana artabu tsakanin Fagge da Sabon Gari, hukuma ta ƙirga gawa 36. Sai kashe-kashen 1966 da suka share fagen yaƙin basasa. Sai rikicin Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke. Sai na Mayun 2004, ramuwar gayyar abin da ya faru a Yelwan Shendam. Daga nan zamani ya sauya salo. Ranar 20 ga Janairun 2012 Boko Haram ta girgiza Kano baki ɗaya, mutane aƙalla 185 suka halaka. Ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road, a tsakiyar Sabon Gari. A Nuwamban 2014 aka afka wa masallata a Babban Masallacin Juma'a na cikin birni, rayuka sama da 100 suka salwanta. Duk wanda ya ce wa mutumin da ya ga waɗannan ranaku tsoronsa ba shi da dalili, ya zalunce shi.

To amma a sake duba jerin da idon basira. A wace rana ce daga cikinsu wuƙar ƙugu ta yi amfani? Bam ɗin New Road bai tambayi wanda ya sha tauri ba. A 1991 mazauna Sabon Gari sun mayar da martani da abin da ke hannunsu, kuma har yau akwai masu kafa hujja da hakan. Sai dai abin da aka girba shi ne ƙarin gawawwaki a ɓangarorin biyu, da ƙarin rabuwar unguwanni, inda kowa ya tattara nasa ya nasa ya koma cikin danginsa. Idan kuwa ka zauna da dattawan da suka tsallake waɗannan fitintinu, labarin da za ka fi ji shi ne na ƙofar da wani maƙwabci ya buɗe, ya ɓoye su a ɗakin matarsa, ya fito ya ce wa masu gora babu kowa a ciki. Makamin da ya fi ceton rai a tarihin unguwannin nan shi ne sanayya.

Maƙiyin da ba ya ɗaukar wuƙa

Cikin daren 26 ga Maris 2016 wuta ta kama a kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira da sunan Muhammadu Abubakar Rimi. Kafin a shawo kanta ta lashe shaguna kimanin 3,800, kamar yadda hukumomi suka bayyana. A dare ɗaya ta yi ɓarnar da duk ɓarayin Kano ba za su iya yi a shekara ba. Shagunan nan kowannensu yana da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, kasuwar kuma tana da masu gadi. An shirya wa ɓarawo shiri na gaske. Wutar da ta zo kuwa ba ta tarar da mai tare ta ba.

Wanda duk ya san kasuwannin wannan yanki, daga Sabon Gari zuwa Singa da Kantin Kwari, ya san dalili. Hanyar da aka bari domin mota an kasa kaya a kanta, an kafa teburi, teburin ya zama rumfa, rumfar ta zama shago mai takarda. Wayoyin lantarki sun sarƙe kamar saƙar gizo, kowa ya jawo tasa yadda ya ga dama. Janareto yana aiki, ga jarkar fetur a gefensa, ga dilar atamfa a bayansa. Ɗan kasuwar da ba zai yi ƙyashin biyan kuɗin gadi duk wata ba, shi ne zai ce tukunyar kashe gobara ɓarnar kuɗi ce. Idan wuta ta tashi motar 'yan kwana-kwana ta iso ta rasa ta inda za ta kutsa, sai a tsaya ana salati, washegari manya su zo jaje da alkawari, bayan wata shida a sake gina rumfunan a kan hanyar da aka toshe. Ihu bayan hari ya zame mana al'ada.

Ba wuta kaɗai ba. Ranar 17 ga Mayun 2022 wata fashewa a titin Aba, dab da wata makarantar yara, ta kashe mutum tara. An yi ta musu kan musabbabinta. A ƙarshen Agustan shekarar wani bene da ake ginawa ya rufta kan 'yan kasuwar waya a titin Beirut. A Oktoban 2024, a garin Majiya na jihar Jigawa, tankar mai ta faɗi, jama'a suka yi dafifi da bokitai, wuta ta tashi ta ci sama da mutum 150. Talauci ne ya kai su, babu shakka. Amma mutumin da ba zai bi ta lungu mai duhu ba don tsoron ɗan daba, ya tsaya cikin fetur har idon sawu bai ji tsoro ba. Wannan karkatar tunani ita ce cutar.

Mu tuna kuma abin da ya faru a farkon 2009, lokacin da aka tilasta wa 'yan acaɓa sa hular kwano. Wasu suka kifa ƙwarya a ka domin su wuce jami'an hanya, fasinjoji kuma suka riƙa gudun hular saboda jita-jitar cewa ana asiri da ita. Mun ji tsoron asirin da babu wanda ya gani, muka raina kwaltar da ke fasa kai kullum. Mutum zai ɗaura laya a damtse, ya sha rubutu, ya nemi baduhu da sagau, amma ɗamarar kujerar mota sai ya hango shingen jami'ai yake jawo ta. Idan aka yi magana ya ce komai na Allah ne. Gaskiya ne komai na Allah ne, to me ya sa ba a bar wa ƙaddara ƙofar shago a buɗe? Tawakkalin da ke aiki a kan wuta amma ba ya aiki a kan ɓarawo, lalaci ne ya ari rigar imani. Hausawa da kansu suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Nasihar masu jiniya

A Maris 2018, a Jalingo, Janar Theophilus Danjuma, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar tsaron ƙasar nan, ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya shawarci mutanen yankunan da 'yan bindiga suka addaba su nemi makami. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta sanar cewa za ta taimaka wa jama'a su sami lasisin riƙe bindiga. Da yawa sun yaba, suka ce an faɗi gaskiya mai ɗaci. Ni abin da na ji a ciki shi ne makiyayi yana gaya wa tumaki su koyi cizo.

Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora tsaro da walwalar jama'a a matsayin aikin farko na gwamnati. Domin wannan ake karɓar haraji a hannun mai shago, domin shi ake ware kuɗin tsaro da ba a bincikar yadda aka kashe su. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, 'yan sandanta ba su kai dubu 400 ba, kuma kowa yana ganin inda da yawansu suke: a ƙofar gidajen manya, a bayan motocin manya, wasu har da jakar matan manya a hannu. Wanda ke tafiya da jiniya da mota uku ta rakiya, idan ya ce maka ka kare kanka, nufinsa shi ne ya riƙe masu gadin da kuɗinka ya biya, kai kuma ka nemi gora.

Za a ce da ni: kai da ke zaune a birni, me za ka gaya wa mutumin ƙauyen Batsari ko Zurmi da aka zo ɗaukar matarsa da tsakar dare, ofishin 'yan sanda mafi kusa kuma yana da nisan awa biyu? Ba zan ce masa ya naɗe hannu ba. Shari'a da dokar ƙasa duka sun ba wanda aka afka wa damar kare ransa da iyalinsa daidai gwargwadon barazanar. Haka wanda 'yan ƙwacen waya suka tare a Kano, babu mai zarginsa in ya ƙwaci kansa. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin abin da larura ta halatta wa mutum a cikin daƙiƙa guda da abin da al'umma za ta mayar tsarin rayuwarta. Mai jin yunwa ya ci mushe ya rayu, ba a buɗe wa mushe mahauta.

Dalili kuwa shi ne makami ba ya zama inda aka ajiye shi. Kano ta fi kowa sanin haka. A siyasar shekarun 1950 jam'iyyu suka tara matasa majiya ƙarfi domin kare taronsu da shugabanninsu, aka sami 'yan banga. Niyyar kariya ce. Jikokin wannan dabara su ne 'yan dabar da a yau suke hana unguwanni barci, waɗanda 'yan siyasa ke ɗauka haya lokacin zaɓe su watsar bayan an rantsar da su. A Zamfara 'yan sa-kai sun fito ne domin kare ƙauyuka, amma kisan da wasunsu suka riƙa yi ba shari'a ya zama itacen da ya ƙara rura wutar, har gwamnati ta haramta su. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Wanda kuma bai gamsu ba ya tuna Uromi. A ƙarshen Maris 2025 wasu mafarauta 'yan jihar Kano suna kan hanyarsu ta dawowa gida hutun Sallah daga Fatakwal, 'yan sintiri suka tare motarsu a wannan gari na jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu, aka cinna musu wuta. Waɗanda suka yi wannan aika-aika sun yi imani garinsu suke karewa. Hujjarsu ita ce dai hujjar da muke ji a majalisunmu: gwamnati ta gaza, baƙo abin zargi ne, gara mu riga shi. Mun yi kuka, kuma kukanmu yana kan gaskiya. Sai dai mu ma an yi a gabanmu: a Yunin 2016 taron mutane ya kashe wata dattijuwa 'yar kasuwa a Ƙofar Wambai kan zargin da babu alƙalin da ya saurara. Duk garin da ya mayar da zargi hukunci, wata rana ɗansa zai zama baƙo a garin wasu.

Inda ya kamata tunanin ya koma

Kakanninmu sun fi mu fahimtar wannan al'amari. Badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, hannun jama'a ne ya ɗaga ta, kuma da ta tsaya ta kare mai doki da mai jaki, malami da maƙeri. Ba su ce kowa ya gina tasa a ƙofar ɗakinsa ba. Mu kuwa mun bar ta gari tana zaizayewa ana yanka ta filaye, kowa ya koma yana ƙara wa katangar gidansa tsawo yana dasa mata fasassun kwalabe. Sakamakon shi ne gidaje sun zama kurkuku, layuka sun zama daji. Mai ihu a waje ba a jin sa, wanda ya ji kuma ba ya fitowa.

Ƙwacen waya ma, wanda ya kai gwamnatin Kano ta ayyana shi a matsayin fashi da makami a 2023, ba a ƙugun mutane maganinsa yake ba. Yaron da ya soki mutum domin waya ya san akwai mai saye yana jira, akwai mai goge ta, akwai wanda zai karɓa a rabin kuɗi bai tambayi rasit ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya kuma san cewa layin babu fitila, waɗanda suka gan shi ba za su ba da shaida ba, in an kama shi akwai mai gidan da zai yi waya a sake shi. Kowane ɗaya daga waɗannan ramuka jama'a ce za ta iya cike shi, kuma babu wanda ke bukatar wuƙa.

Da za mu karkatar da rubu'in tunanin da muke kashewa a kan aljihunmu zuwa ga abin da ya haɗa mu, da an ga canji. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ke iya tara kuɗin gadi tana iya buɗe hanyar motar kashe gobara ta hana kowa kasa kaya a kai, ko ɗan wane ne, ta kuma sa a binciki wayoyin kowane layi kafin iskar hunturu ta kaɗa. Masu gidajen haya a Sabon Gari, inda iyalai da dama ke cunkushe a gida mai ƙofa ɗaya, su dubi tagogin da suka rufe da ƙarfe ruf, su tambayi kansu ta ina yara za su fita in wuta ta tare zaure. Mai unguwa a Fagge da shugabannin al'ummomin Sabon Gari, limami da fasto, bai kamata sai gari ya yamutse za su nemi lambar juna ba. Makarantu su koya wa yara taimakon farko da lambar gaggawa ta 112 kamar yadda suke koya musu taken ƙasa. Kuma idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, kafin a karɓi atamfa da taliya, a tambaye shi motar kashe gobara nawa ke aiki a ƙaramar hukumar, 'yan daba nawa ne kuma ke cin abinci a ƙofar gidansa.

Wanda yake ganin wannan hanya ta raggwaye ce, ya nemi labarin Malam Abubakar Abdullahi, wanda ya kasance limamin ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato. A Yunin 2018, da mahara suka afka wa yankin, dattijon nan ya ɓoye mutane sama da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tsaya a gaban masu bindiga hannunsa babu ko sanda, ya ƙi ba da su. Babu ɗan taurin da ya taɓa ceton adadin nan da wuƙarsa. Abin da ya yi aiki a ranar shi ne mutumin da ya ɗauki ran maƙwabcinsa a matsayin amanar da ke wuyansa.

Muna yawan cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mun riƙe karin maganar da hannu biyu, muka manta cewa ba a ce ka bar nasa ya ƙone ba. A unguwannin da rumfa ke jingine da rumfa, ɗaki ke manne da ɗaki, kamar Fagge da Sabon Gari, jiƙa gemu ba ya hana komai, domin wutar da ta gama da maƙwabci ta rufinka za ta biyo. Ruwan da ke hannunka, nasa gemun ya kamata ka fara watsa wa.